Gurmin da Aka Ce Ya Kori Hadari

Ranar Sallar da ta wuce ina zaune bakin ɗaki ina gyaran zogale, jikokina maza sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna gardama kamar za su cinye juna. Wasu Turawa suke kallo, masu gashi har gadon baya, kowanne ya rataya jita yana ta faɗa da ita, ƙara na fita kamar ana saran ƙarfe. Ɗaya ya ce na farkon ya fi, don ba a ganin yatsunsa saboda sauri. Ɗaya ya ce sauri ba shi ne kiɗa ba, na biyun ne ya fara fito da gurnanin nan da kowa ke kwaikwayo yanzu. Ƙaraminsu ya ce na ukun in ya ja waya ɗaya sai ka ji hawaye sun zo maka. Ina jinsu ina murmushi, don gardamar nan na san ta tun ba a haifi iyayensu ba. Murmushin ya ƙare ne da babbansu ya ce mu a ƙasar nan ba mu taɓa samun mai ƙirƙira ba sai Bala ɗan Labbo, wanda ya fara sa wa gurmi lasifika. Sa'idu ɗana na fari yana zaune a wurin, da furfura a gemunsa, ya gyaɗa kai ya ce haka ne.

Na ture faifan zogalen na shige ɗaki, raina a ɓace. Ba yaran na ji wa haushi ba, abin da aka ba su suka haɗiya. Ku nake ji wa, ku 'ya'yana, da kuka tashi a gidan Nomau kuka ci tuwonsa kuna ganinsa mai gyaran keke kawai, in an yi maganar kiɗa kuma ku buga ƙirji ku ce ai kawunku Labbo ne da ɗansa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, yaƙi da jahilcin da na shiga da tsufana bai tashi a banza ba. Za ni faɗa muku su waye makaɗan gurmi uku na gidanmu, da abin da kowanne ya iya, da abin da aka yi wa ubanku a shekarar da ruwa ya ɗauke. Wanda ransa zai sosu ya sosu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Isa, ba nisa da Kamarawa. Ubana Jibo shi ne Sarkin Makaɗan garin, kuma gurmi ne gadonmu: rabin duma a rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu na izgar doki. Da shi ake yi wa 'yan kokawa kiɗa da kaka, da shi ake zuga manoma ranar gayya. Kiɗan Baba ba shi da gaggawa. Yakan taɓa tsirkiya ya bar ta ta gama maganarta kafin ya taɓa ta biyu, kuma a cikin shirun nan da yake bari ne mutum ke tuna uwarsa da ta rasu. Na ga ƙaton ɗan kokawa, wanda aka shafe da magani ana riƙe da shi kamar bijimin sa, ya tsaya a tsakiyar fage yana share ido don Baba ya ja taken kakansa. Ba ya wasa da gurmi, ba ya murmushi in yana kiɗa. In ya gama sai ya goge shi da bakin riga ya sa a burgami.

Labbo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba za ni rage masa abin da Allah ya ba shi ba. Ban taɓa ganin yatsu irin nasa ba. Take ɗaya da Baba zai bi a hankali, Labbo zai zagaye shi ya dawo ya sake zagayawa kafin ka haɗiye yawu, kuma ba ya kuskuren tsirkiya ko sau ɗaya. Yana ɗora gurmi a bayan wuya ya kaɗa, ya cilla shi sama ya cafe kiɗan bai yanke ba. 'Yan mata na guɗa, samari na ihu. Sai dai duk abin da ya kaɗa na Baba ne, ya ƙara masa gudu kawai. In ka koma gida bayan wasan Labbo hannunsa kake tunawa, kiɗan kuwa ya bi iska.

Nomau mijina ba ɗan gado ba ne. Ɗan manoma ne daga wajen Tozai, ya zo ya durƙusa gaban Baba yana saurayi ya ce yana son koyo, Baba ya karɓe shi, daga baya ya ba shi ni. Yatsunsa kauri gare su, na mai riƙon hauya, kuma har ya bar duniya bai kamo rabin saurin Labbo ba. Amma kunnensa ba ya zama wuri ɗaya. Ƙarar guga a rijiya, kukan injin niƙa, rugugin hadari tun yana nesa, duk sai ya tsaya ya saurara ya ce akwai kiɗa a ciki. Ya yi cin rani a Maraɗi wajen wani mai gyaran rediyo, ya dawo da buhun tarkace da na sha yi masa tsiya a kai, ina cewa mazan mutane na dawowa da turmin atamfa, nawa ya dawo da bola.

To, sai fari ya zo. Damina ta farko gero ya yi rabi, ta biyu ko iri ba mu mayar ba. Fulanin da ke sauka bayan gari suka rasa shanunsu ɗaya bayan ɗaya, har ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. Mu mata muka koma jiƙa anza muna zubar da ruwan ɗacin muna dafawa, muna tankaɗe dusa muna kunu. Dawakin garin suka mutu, izga ta yi wuya, duma kuwa ba wanda ya ga ko yaɗonsa. Tsirkiyar Nomau ta tsinke, babu ta canji. Wani zai rataye gurmin ya jira Allah ya kawo sauƙi. Shi sai ya warware wayar birkin tsohon keke ya zare siraran ciki ya ɗaura. Ya ciro 'yar ƙaramar lasifika daga cikin tarkacen nan ya manna ta da ƙaro a jikin fatar gurmin, ya ja waya zuwa cikin wata rediyo da ya fasa, daga nan zuwa wata babbar lasifika da ya samu wajen wani mai tallar magani da motarsa ta mutu a kasuwar Isa. Batiran da suka yi sanyi ni nake shanya masa su a kan danga su sha rana.

Ranar da ya fara taɓa shi kajin maƙwabta suka watse. Amma bai gamsu ba, ya ce muryar ta yi tsabta da yawa, kamar ta mai sanarwa. Ya ɗauko ƙayar aduwa ya huda takardar babbar lasifikar, ya taɓa, ya ƙara hudawa. Sai abin ya yi wani gurnani mai kauri, mai tsatsa, wanda ke shiga ta tafin ƙafa ya tsaya a ƙirji. In ya ja waya ya karkata ta da yatsa sai ta yi kuka mai tsawo, ta ƙi mutuwa, abin da izga ba ta taɓa yi ba. Ina daka na tsaya da taɓarya a hannu. Ni ɗiyar makaɗi ce, a cikin kiɗa aka yaye ni, kuma na rantse ban taɓa jin abin da ya faɗi yunwar shekarar nan kamar wannan ƙarar ba. Haushin da ke cikin kowa, wanda ba mai iya furtawa don kada a ce ya yi saɓo, shi gurmin nan ke faɗa.

Baba ya zo da kansa da hantsi ya zauna kan turmi ya ce a kaɗa masa. Ya saurara ido rufe har Nomau ya gaji. Da na kawo masa ruwa Nomau ya fita, sai na tambaye shi, don ni ba na iya barin magana a ciki.

"Baba, cikinku ukku wa ya hi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Kulu ba ki da kunya. Labbo hannu gare shi, duk Gobir babu hannu awa nashi. Ni kau abin da nis samu ga ubana shi nika riƙo, na san inda zuciya take, shi ke nan. Amma mijinki ya buɗe ƙohwar da ban san akwai ta ba. Wanga gurmi na, Kulu, gurmin jikokinmu."

Ku riƙe wannan maganar, don za ku ji abin da bakin nan ya faɗa bayan ɗan lokaci.

Damina ta uku ta fara da kyau. Aka yi ruwan shuka, wanda ya ɓoye iri ya fito da shi, wanda ba shi da shi ya roƙa. Gero ya tsiro ya kai tsawon kamu, sai sama ta rufe bakinta. Ganye ya fara nannaɗewa. Duk da haka Maigari ya kira gayyar noma a gonarsa, don ko ba komai ciyawa ba ta jiran ruwa, ya ce makaɗa su zo su ƙarfafa wa mutane gwiwa. Mutanen da suka karya da kunun dusa ba su da ƙarfin ɗaga hauya. Labbo ya kaɗa, aka yaba, amma na ƙarshen kunyoyin gonar ko jinsa ba sa yi. Sai Nomau ya rataye lasifikarsa a reshen gawo ya taɓa. Wallahi na ga tsofaffi sun miƙe. Hauyoyi suka shiga faɗuwa tare, ƙura ta tashi, samari na kuwwa, gonar da aka zata za ta kwana ta kusa ƙarewa kafin la'asar.

A daidai nan hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Mata muka ajiye tuluna muna guɗa. Nomau ya ɗaga kai ya gan shi, murna ta kama shi, ya ƙure ƙarar yana kaɗa masa maraba, gurmi na gurnani sama na amsawa. Hadarin ya zo har kanmu, ya yi yayyafin da bai jiƙa ko kallabi ba, sai ya tsage biyu ya yi arewa ya tafi ya zuba wa wasu. Gona ta yi tsit, ba ka jin komai sai wayar Nomau da ba ta gama kukanta ba. Can wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba ma:

"Ƙarar ga ta kore shi."

Ku da kuka tashi a birni ba ku san wannan ba. A ƙasarmu in ruwa ya ɗauke sai an nemo wanda ya riƙe shi. Yau magini ne, wai ginin da ya yi bai bushe ba ya ɗaure sama. Gobe mai jima ne da ya shanya fata. Yunwa ba ta iya faɗa da sama, sai ta nemi wanda hannunta zai kai gare shi. Kafin a kai gida maganar tsohuwar nan ta zama ta gari duka, har da waɗanda suka fi kowa rawa da hauya. An yi roƙon ruwa, an juya riguna, an fita da yara da dabbobi, sama ta yi fayau. Sai aka ce ai ba za a amsa ba muddin abin nan na cikin gari, a kawo shi ƙofar Maigari a fasa.

Sai dai akwai al'ada, ita ce kuma ta rage mana. Ba a hukunta makaɗi sai da Sarkin Makaɗa, kuma kayan kiɗan gado ba mai fasa shi, ko Maigari, don an ce wanda ya fasa gurmi hannunsa ba ya ƙarewa lafiya. Saboda haka magana ta tsaya a kan abu ɗaya: abin da Nomau ke kaɗawa gurmi ne ko ba gurmi ba ne? In Baba ya ce gurmi ne, ba mai taɓa shi. Na kwana da sanyin zuciya, don da kunnena na ji abin da ya ce a kan turmina.

Da safe aka taru. Maza a gaba, mu mata a bayan danga muna leƙe, Sa'idu na goye a bayana. Maigari ya ce a kaɗa taken noma, kowa da nasa, jama'a su ji bambanci. Labbo ya fara, ya zuba gudu kamar ana korarsa, ya gama ya ɗaga gurmin sama. Baba ya karɓa, ya ja shi a hankali, har na ga Liman ya sunkuyar da kai. Sai Nomau. Ya rage ƙarar don kada ya tsorata kowa, ya bi taken nan daidai yadda Baba ya koya masa, gaɓa bayan gaɓa, kurma ma ya san take ɗaya ne. A ƙarshe ya ja wayar nan ya bar ta ta yi kukanta. Na ga mutane sun buɗe baki, sai kuma suka tuna abin da ya tara su suka haɗe rai.

Labbo bai jira an tambaye shi ba. Ya ce:

"Ranka shi daɗe, mu munka gaji abin ga, mu munka san shi. Gurmi izga na da duma da hannu. Wanga tarkacen Nasara na, ƙarhe da batir. Mutum in ba shi da hannu sai shi nemi ƙara shi ɓoye ciki. Kada a haɗa mu da shi, kada a ce makaɗa sunka hana ma gari ruwa."

Wannan ita ce gaskiyar cikinsa, ya faɗe ta bai sani ba. Tun ranar gayya da aka daina kallon yatsunsa aka juya ga reshen gawo, Labbo bai ƙara barci mai daɗi ba. Maigari ya juya ga Baba ya ce, Sarkin Makaɗa, kai muke saurare. Baba ya kalli ƙasa. Na san abin da ke kansa, ba sai an gaya mini ba. Gidansa cike da baki, kuma a shekarar nan ɗan abin da ke shiga tukunyarsa daga rumbun Maigari yake fitowa, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ga kuma masu cewa a hana kiɗa gaba ɗaya suna jiran ya kuskure. Duk na san wannan, kuma har yau bai sanyaya mini rai ba. Ya ɗago ya ce:

"Ranka shi daɗe, ni dai ban san shi ba."

Nomau ya juya. Ya kalli mutumin da ya koya masa riƙon gurmi, ya ajiye kayansa a ƙasa a hankali, ya ja da baya. Maigari ya ce to, tunda ba gurmi ba ne, a fasa. Sai ga abin mamaki. Dogarinsa ya matso da kulki ya tsaya. Samarin da suka fi kowa zafi suka shiga kallon juna. Lasifikar dai an samu mai dukanta, ta tarwatse, amma duman nan da sandarsa da wayoyinsa suna kwance a rana, ba wanda ya yarda hannunsa ya kai. Aka yi ta tura juna, kai je ka, a'a kai dai. Sai Labbo ya taso ya ɗora dugadugansa a kan fatar ya danna. Ƙarar da duman ya yi ba ta fi ta fashewar ƙwarya ba.

Mace ba ta magana a ƙofar Maigari. Ban san lokacin da na zagayo dangar ba, na ji muryata kawai.

"In ba gurmi ba na, don mi kunka tsaya? Ga ku nan maza cike da hili, kowa da ƙahwa tai, don mi kunka jira sai makaɗi ya taka shi? Kun san abin da shike! Kai kau Yaya, Allah ya ba ka hannu, yau ka nuna muna da ƙahwa kaka kiɗa. Baba, a bisa turmina kac ce gurmin jikokinmu na. Ga jikanka nan ga bayana, hwaɗa mai ba ka san shi ba!"

Aka yi ca a kaina, wasu na cewa a fitar da ita, wasu na salati. Baba bai ɗago ba. Nomau ne ya zo ya kama gefen zanena, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce, "Ya isa, Kulu, mu tahi gida."

Ruwa bai zo ba. Ina so ku karanta wannan da kyau: an fasa gurmin ubanku, ruwa bai zo ba. Geron nan ya bushe a tsaye, akuya ma ta ƙi shi. Ba wanda ya tako ƙofarmu ya ce mun yi kuskure. Suka koma kan wani bawan Allah magini, suka rushe masa katanga. Mu kuwa in Nomau ya wuce sai yara su bi shi suna kiran mai korar hadari, in na je rijiya mata su janye gugansu. Innata ta aiko a ce in dawo gida in zauna har ƙura ta lafa, shi ya tafi inda za shi. Na ce a gaya mata gidan da ba a san mijina ba ni ma ba a san ni ba. Muka ɗaure 'yan komatsanmu a kan jakin aro muka nufi Sabon Birni, ba mu san kowa ba sai wani abokin cin raninsa. A hanya ba abin da muke wucewa sai ƙasusuwan shanu da mutanen arewa masu gangarowa kudu, su suna gudun fari, mu muna gudun 'yan'uwa.

A Sabon Birni ya kafa rumfa bakin kasuwa yana gyaran keke da rediyo. Da wannan ya ciyar da ku, ya aurar da ku. Bai ƙara taɓa gurmi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na taɓa sayo duma da kaina na ajiye masa a kan gado, ya ɗauka ya ba ni ya ce in zuba gishiri. Ya ce wanda ya koya masa ya ce bai san shi ba, to wa zai kaɗa wa? Ya kuma hana ni gaya muku, wai kada ku tashi da ƙin dangin uwarku. Na bi maganarsa yana raye. Shi mai haƙuri ne, ni ba haka nake ba, kuma haƙurin nan nasa ya ba ni haushi kusan yadda ƙafar Labbo ta ba ni.

Ban koma ƙauyenmu ba sai da aka aiko Baba na kwance. Na same shi ya ƙanjame, gurminsa na rataye a bango. Ya kama hannuna ya ce:

"Kulu, na san shi. Tun ranar da nij ji shi na san shi."

Na ce, "Ƙohwar Maigari anka tambaye ka, Baba."

Na yi jinyarsa har ya cika, na yi masa addu'a, ina kuma yi masa har gobe. Amma maganar nan ban janye ta ba.

Shekaru suka wuce, ruwa ya dawo, lasifika ta cika ƙasa, har masallatai. Masu kiɗan zamani suka fara kwashe bukukuwa, ba mai jin gurmin izga a cikin hayaniyar injin wuta. Rannan da rana tsaka sai ga sallama. Labbo ne, ya tsufa, yatsun nan sun kumbura da sanyin ƙashi, yana tafe da ɗansa Bala riƙe da gurmi da sabuwar lasifika a kwali. Sun kai wa masu gyara a Isa, an haɗa, amma muryar na fita siririya kamar ta sauro. Ya zauna a zaure yana ta kewaye-kewaye, gaisuwa ba ta ƙarewa. Daga ƙarshe ya ce:

"Nomau, yaron ga ka son ka duba mai abin ga. An ce kai ka gane ma waya."

Ina bayan ƙofa ina ji. Kai ka gane ma waya! Ko kalmar gurmi bai iya furtawa ba. Na jira in ji Nomau ya tuna masa ƙofar Maigari. Sai na ji ya ce, "Miƙo shi nan, ɗana." Ya cire izgar roba da suka ɗaura ya sa wayar birki. Ya nuna wa yaron inda ake manna ƙaramar lasifika, ba a tsakiyar fata ba, can gefe inda take rawa. Ya aiki Sa'idu, lokacin yana saurayi yana taya shi aiki a rumfa, ya karyo masa ƙayar aduwa. Bala ya zaro ido da ya ga za a huda masa sabon abu, Nomau ya ce kada ka ji tsoro, sai ta ji ciwo take faɗin gaskiya. Duk abin da ya sani ya juye wa ɗan mutumin da ya taka masa gurmi, bai rage ko ƙwaya ba. Abin da Bala ke ci da shi ke nan har yau, kuma ban taɓa jin ya ambaci sunan wanda ya ba shi ba. Yana da saurin ubansa, ban hana masa ba. Gurnanin kuwa na gidan nan ne.

To ga amsar gardamarku, ku gaya wa 'ya'yanku masu waya. Labbo ya fi kowa hannu. Baba ya fi kowa sanin inda zuciya take. Amma su biyun abin da suka tarar suka kaɗa, ubanku ne kaɗai ya kawo abin da babu shi, a shekarar da ko abinci babu, kuma shi kaɗai aka fasa wa.

Da ya gama haɗawa a ranar, ya ɗora gurmin a cinya don ya gwada. Ina tsakar gida na ji. Waya ɗaya ya ja, ya karkata ta da yatsan nan mai kauri, ta yi kukan nan mai tsawo da na yi zaton ba za ni ƙara ji ba sai a lahira. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Labbo ya sunkuyar da kai. Kai kuma Sa'idu, kai da aka taka gurmin kana bayana, ka yi dariya ka ce:

"Baba, ashe ka iya taɓawa?"

Ya miƙa wa Bala kayansa, ya goge hannu a riga, ya ce:

"A'a. Waya ta, gwada ta nika yi."

Wannan ja ɗaya shi ne duk abin da kuka taɓa ji na kiɗan ubanku, kai kuma ka yarda gwajin waya ne. Ka yarda a ranar, ka sake gyaɗa kai ranar Sallah a gaban 'ya'yanka. Yanzu na gaya maka. In aka ƙara tambaya a gabanka wa ya fara, kada ka kuskura ka ce ba ka san shi ba.